Wa ke zaunar da yaranmu masu kai na ƙauye kafin su zaɓi makarantar injiniya?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaishe ka da ma'aikatanka baki ɗaya, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda yaranmu na ƙauye masu ƙoƙari, irin waɗanda ke riƙe da na ɗaya tun daga JS1 har SS3, suke zaɓen inda za su karanta injiniyanci. Ni malamin fiziks ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo a kudancin Kebbi, kuma abin da nake gani duk shekara iri ɗaya ne. Yaro ya yi shekara shida yana wahala, ya ci lissafi ya ci fiziks ya ci kemistiri, amma shawarar da za ta juya rayuwarsa gaba ɗaya sai a yanke ta tsaye a wajen rajistar JAMB, layi ya yi tsawo, na baya na ta a yi sauri motarmu za ta tashi, mai danna kwamfuta ya ce wace makaranta zan sa maka, yaro ya ambaci sunan da ya taɓa ji a bakin wani, shi ke nan an gama. Babansa manomi ne ko masunci, bai taɓa taka harabar jami'a ba, iyakar abin da zai iya shi ne ya sayar da buhun shanshera ya biya kuɗin fom ya bi shi da addu'a, kuma wallahi ya yi nasa. Mu da muka yi bokon ne ba mu yi namu ba.

Yaron birni ko da bai kai wannan ƙoƙari ba yana da yaya a Samaru, yana da kawu lakcara, akwai maƙwabci injiniya da zai ce masa kar ka sa wancan kwas ɗin a can, sa shi nan. Namu ba shi da kowa. Shi ya sa za ka ga ɗaya cikin biyu, ko dai ya raina kansa ya ce ai ABU ta 'ya'yan manya ce ya sa wurin da makinsa ya wuce nesa ba kusa ba, ko kuma ya sa babbar makaranta da kwas ɗin da kowa ke rububi ba tare da ya san me ake nema ba, ya rasa, ya zauna gida shekara guda, shekara ta zama biyu, daga nan sai ka gan shi kan kabu-kabu a tashar Yauri ko Koko. Na farkon ya fi yi mini ciwo, don shi babu wanda ya hana shi, shi ya hana kansa.

Na yi zaton mu kaɗai ke da wannan ciwo sai da na yi karatu a kan yaran Hisfaniyawa na karkarar Amurka, wato masu asali da Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, da yawansu 'ya'yan leburorin gona a jihohi irin su Texas da New Mexico da California. A 2012 wasu masana tattalin arziki biyu, Caroline Hoxby ta jami'ar Stanford da Christopher Avery na Harvard, sun bi sawun yaran talakawa masu cin maki mafi yawa a Amurka, suka gano cewa akasarinsu ko takardar nema ba sa aikawa manyan jami'o'i, alhali da sun nema da an ɗauke su, kuma sau da yawa da sun biya ƙasa da abin da suke biya a ƙananan makarantun da suke zuwa saboda tallafin da manyan ke bayarwa. Su wane ne waɗannan yara? Waɗanda ke warwatse a ƙananan garuruwa, ɗaya nan ɗaya can, babu malami ko wani na gaba da su da ya taɓa zuwa irin waɗannan makarantu. Da na karanta sai na ga kamar 'yan ajina ake siffantawa.

Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya kuka ba. Tun 1997 jihar Texas ta yi doka cewa duk yaron da ya fito cikin kashi 10 na sama a ajinsa na ƙarshe, a kowace sakandare ta jihar, ta birni ce ko ta ƙauyen bakin iyaka, yana da gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar. Daga baya babbar jami'arsu ta Austin ta matse abin don masu nema sun yi mata yawa, kuma samun shiga jami'ar ba shi ke nufin an ba ka injiniyanci ba, wannan sai ka sake fafatawa. Amma tunanin da ke ƙarƙashin dokar shi ne abin dubawa, a auna yaro da abin da ya yi a inda Allah ya ajiye shi. Wanda ya zo na ɗaya a makarantar da babu ɗakin gwaje-gwaje ya nuna wani abu da maki kaɗai ba zai nuna ba. Ban da wannan suna da jami'o'in da gwamnati ke yi wa laƙabi na musamman idan ɗaliban Hisfaniyawa sun kai kashi 25 cikin 100, kamar ta El Paso da ke bakin iyakar Meziko wadda ta yaye injiniyoyinsu masu yawa, sannan injiniyoyin da kansu sun kafa ƙungiyarsu SHPE a Los Angeles tun 1974, kuma cikin manyan ayyukanta akwai jan na baya.

To mu dawo gida. Abu na farko da nake so iyaye da malamai su sani, mu ma muna da gata a tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kawai yaranmu ba su san da shi ba. Kashi 45 na gurabe na waɗanda suka fi maki ne daga ko'ina, kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ce an bar su baya a boko, waɗanda ake kira ELDS, kuma Kebbi da Zamfara da Sakkwato duk suna ciki. Ma'ana ɗan Shanga ko Augie ko Bukkuyum da ya ci maki mai kyau yana da ƙofa fiye da ɗaya. Na sha gaya wa yara wannan a aji sai ka ga sun zaro ido, wani ya ce Malam ashe ba sai da hanya ba. Ban ce babu masu shiga da hanya ba, kowa ya san ƙasarmu, amma tun da JAMB ta kawo tsarin CAPS, wato shafinta na ba da adimishan ta intanet, a 2017 yaro na iya duba matsayinsa da waya, kuma da yawa cikin waɗanda na sani sun rasa gurbi ba hanya suka rasa ba, ƙananan abubuwa ne suka kayar da su. Wani bai ɗora sakamakon WAEC ko NECO ɗinsa a shafin JAMB ba. Wani an ba shi adimishan bai shiga ya danna ya karɓa ba don layin da ya yi rajista da shi na wani yayansa ne da ya tafi cirani. Wani kuma ya kwaikwayi abokinsa mai son likitanci ya sa bayoloji a madadin lissafi, alhali injiniyanci Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri yake so, kuma cikin kiredit biyar ɗin da ake nema a WAEC ko NECO dole waɗannan huɗun su kasance ciki. Sannan manyan jami'o'i galibi wanda ya sa su zaɓi na farko suke kallo, don haka sa ABU a na biyu kusan ɓata gurbi ne.

Sai maganar wace makaranta. Kafin suna, kafin kyawun get, a fara tambaya ko kwas ɗin yana da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, da kuma ta COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar nan tun 1970. Jami'a na iya zama tsohuwa mai suna amma wani sabon sashe a cikinta bai samu amincewa ba tukuna, kuma yaron da ya yi shekara biyar a irin wannan sashe zai sha wahala ranar da ya je neman rajistar zama cikakken injiniya. Su ma can Amurka abin da ake fara gaya wa yaro ke nan, ya duba ko hukumarsu ABET ta amince da kwas ɗin. Bayan wannan sai a nemi ɗalibi da ke aji uku ko huɗu a sashen a tambaye shi gaskiya tsakani da Allah, injinan da ke wakshof suna aiki ko kallonsu kawai ake yi, ku nawa ne a aji, ana samun wuta da dare, ina ake tura ku SIWES, wato wata shidan nan na koyon aiki a shekara ta huɗu. Amsar da ɗalibi zai ba ka cikin minti goma a waya ta fi duk abin da ke rubuce a allon talla.

A nawa ganin yaron da ya fita daban, wanda makinsa ya yi sama sosai, kar a ji tsoron tura shi ABU Zariya. Tun 1962 take, kusan duk reshen injiniyanci akwai shi a can, gine-gine da injina da lantarki da sinadarai da ƙarafa da aikin gona da albarkatun ruwa, ga tsofaffin ɗalibanta ko'ina ka shiga a ma'aikatu, kuma wannan na da amfani ranar neman wurin koyon aiki. BUK Kano ma haka, ga ta cikin garin masana'antu. Akwai FUT Minna da aka kafa 1983 musamman don fasaha, wadda ga mu 'yan Yauri da Zuru ba ta da nisa ta Kontagora, akwai ATBU Bauchi, akwai ta Wudil. Kusa da gida kuma ga Ɗanfodiyo Sakkwato, wadda ke da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki kan hasken rana, ga tamu ta Aliero da aka kafa 2006 wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Ni ba na cikin masu raina ta gida. Akwai yaron da Aliero ce daidai shi, wanda in an yi hutun sati zai iya komawa ya kama wa tsohonsa aikin gona, ya ɗebo garin tuwo da man ƙuli ya dawo, kuɗin mota bai karya gidan ba. Abin da nake ƙi shi ne a zaɓe ta don tsoro ko rashin sani. In an zauna an auna an ga ita ce, madalla.

Nisa kuwa ba ƙaramar magana ba ce yanzu, duk wanda ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ko ta Birnin Gwari ya san abin da nake nufi, kuma uwar da ta ce ɗanta ba zai riƙa bin waɗannan hanyoyi ba ba jahilci ke damunta ba. Mun ga yadda aka sace ɗalibai a Jangebe da Birnin Yauri a 2021. Sai dai a sa wannan a ma'auni tare da sauran, a duba sau nawa yaron zai yi tafiyar a shekara, da rana ko da dare, akwai 'yan garinsu da za su riƙa tafiya tare.

Wani abin da ke ba ni mamaki, kusan duk yaron da na tambaya wane injiniya kake so ka zama sai ya ce na man fetur, don ya ji ana cewa can kuɗi suke. Gurabe nawa ne a wannan fanni, kuma su wa ke samu? Alhali dubi abin da ke gabanmu. Jihar shinkafa ce mu, a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015, ga manyan injinan gyaran shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, ga dubban injinan ban ruwa a fadamu suna shan fetur mai tsada lokacin da rana ke dukanmu kyauta. Ambaliyar 2020 ta cinye gonaki ta karya gadoji a jihar nan kowa ya gani. Ga madatsar ruwan Kainji a ƙofarmu tun 1968, ga ta Bakolori kusa da Talata Mafara. A Zamfara gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, kuma har yau yaranmu nawa ne suka je Akure suka karanta injiniyancin haƙar ma'adinai? Yaron da ya tashi a fadama ya san halin ruwa, ya san inda yake kwanciya da inda yake ci, ya kwance injin ban ruwa ya ɗaura tun yana ɗan shekara goma sha biyu. In ya karanta albarkatun ruwa ko injiniyancin gona ko lantarki ko injina, ya shiga aji da abin da ɗan birni bai da shi. Ni shawarata kullum ita ce yaro ya kama babban reshe, gine-gine ko lantarki ko injina, don suna shiga ko'ina, har kamfanin man ma yana ɗaukarsu.

Kuɗi. Nan ne yawancin mafarkin ke mutuwa, kuma nan ne aka fi ƙarancin bayani. Injiniyanci shekara biyar ne, in an yi yajin aiki irin na 2022 da ya ci wata takwas ya fi haka, ga kayan zane, ga kwamfutar tafi-da-gidanka da ba makawa sai da ita daga aji biyu zuwa uku, ga firojet na ƙarshe. Gara a zauna da uba a yi masa lissafin gaskiya tun farko da a bar shi ya gano a tsakiya. Amma a gaya masa har da abin da ke akwai. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye su kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, wanda shi ne abin da iyayenmu ke fara tambaya kuma suna da gaskiya, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Akwai sikolashif na PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, akwai na kamfanonin mai da gas da na sadarwa, yawancinsu sai yaro ya shiga ya nuna sakamako mai kyau a shekarar farko, don haka a gaya masa tun daga gida cewa aji ɗaya ba na wasa ba ne. Akwai na jiha ma, ko da yake kowa ya san ba a dogara da lokacin fitowarsa. Duk waɗannan ta intanet ake nema kuma suna da ranar rufewa, wanda ke ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis yaya zai ji labari in babu mai kiransa?

Kar kuma a raina poli. Wazirin Umaru a Birnin Kebbi, ta tarayya a Kaura Namoda, Abdu Gusau a Talata Mafara, ga babbar ta Kaduna. Yaron da bai samu jami'a a karon farko ba, ya yi difloma ta shekara biyu ya fito da sakamako mai kyau, yana iya shiga jami'a aji biyu kai tsaye, kuma sau da yawa irinsu sun fi iya riƙe sifana da mita. Haka yaran Texas ɗin nan da yawa ke yi, su fara a ƙaramar kwalejin garinsu mai araha sannan su wuce babbar jami'a. Sai dai a faɗa wa yaro gaskiya cewa a wajen COREN mai HND, wato babbar diflomar poli, da mai digiri ba rukuni ɗaya ake sa su ba, don ya san inda ya dosa tun da wuri. Akwai kuma IJMB, karatun share fage da shi ma ke kai yaro aji biyu a jami'a, ga wanda ke son wata hanyar.

Ban manta da 'yan mata ba. Cikin waɗanda suka fi kowa lissafi da na taɓa koyarwa akwai yarinya, kuma da ta ce lantarki take so gida da makaranta aka taru aka ce mata wannan aikin maza ne, ta nemi aikin jinya. Jinya aiki ne mai daraja, muna bukatarsu ƙwarai, amma ita ba shi ta so ba, kuma babu wanda ya taɓa nuna mata mace injiniya ko ɗaya ta yi magana da ita. Injiniya ba kullum kan falwaya yake ba, akwai masu zane da lissafi a ofis, akwai masu koyarwa.

Roƙona ga gwamnatin Kebbi da ta Zamfara, ba sai an gina komai ba. Kowace sakandare ta san yaranta uku ko biyar na sama a ajin kimiyya. A tattara sunayensu tun suna SS2, a haɗa su lokacin dogon hutu a hedikwatar masarauta, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, a koya masu ƙarin lissafi da zanen fasaha waɗanda yawancin makarantun ƙauye ba su da malamansu, a zaunar da su gaban kwamfuta su saba, don tun 2015 JAMB a kwamfuta ake yin ta kuma ina da yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka taɓa linzami. A yi masu NIN da wuri da layin waya na kansu. Jami'o'in jihohinmu kuma me zai hana su ware gurbi ga na ɗaya da na biyu na kowace makarantar gwamnati matuƙar sun cika sharuɗɗa, irin abin da Texas ta yi? Majalisun jihohinmu na iya wannan.

Ku kuma injiniyoyinmu 'yan ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, NSE, reshen Birnin Kebbi da Gusau, da ku da ke Abuja da Kaduna da Legas kuna zuwa gida da sallah, yawancinku daga irin waɗannan ƙauyuka kuka fito kuma kun san wanda ya riƙe hannunku. Ana fara sayar da fom ɗin JAMB ne a farkon shekara, don haka zangon farko, kafin Disamba, shi ne lokacin. Kowa ya ɗauki makarantar da ya gama, ya je ya nemi firinsifal ya ce a tara masa 'yan SS3 na kimiyya da iyayensu in zai yiwu, ya zauna da su awa biyu, ya bar masu lambar wayarsa, kuma in sun kira ya ɗauka. Mu malamai za mu shirya yaran da tambayoyinsu.

Na gode Malam Edita, Allah ya saka da alheri.

Naku,
Malamin fiziks daga masarautar Yauri, jihar Kebbi